Rasuwar Gwaggo Ƙas, Birekar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci da har yanzu bai rabu da ƙaurin roba ba, ni matar gidan nan, a madadin maigidana da surukata da 'ya'yana biyu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar tsohuwar birekarmu, wadda aka fi sani da Gwaggo Ƙas. Ta cika da safe a bakin aikinta, lokacin da nake tsakiyar guga, bayan doguwar jinya da muka ƙi yarda jinya ce.

Ga wanda bai san marigayiya ba, bireka ita ce ɗan baƙin makunnin nan da ke cikin akwatin wuta, wanda idan aka ɗora wa waya kayan da suka fi ƙarfinta sai ya faɗi ya yanke wutar gida. Tamu da gidan muka same ta. Wanda ya gina gidan, ban san laifin da gajerun mutane suka yi masa ba, can kusa da silin ya maƙala akwatinta, a ƙarshen korido, inda ko da rana tsaka duhu ne. Daga nan sama ta mulki gidan nan shekara da shekaru, ba ta taɓa neman shawarar kowa ba.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. Kalma ɗaya ta sani, “ƙas,” kuma da ita ta samu sunanta. Amma tana faɗinta fanka za ta fara jan jiki, firji ya haɗiye numfashi, mai karanta labarai a talabijin ya ɓace da bakinsa a buɗe. Ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Ta yanke wa maigida ƙwallo ana shirin buga fenariti. Ta bar Auta, ƙaramar 'yata, da rabin kai a bushe rabi yana ɗiga, ƙawayenta na jiranta a ƙofa. Ni kuma ta taɓa kunyata ni gaban baƙi da kek wanda samansa ya gasu cikinsa ruwa ne. Na yafe mata, duk da na daɗe ban yafe ba.

Saboda halinta na suma ne na kafa doka a gidan: duk wanda zai jona abu mai cin wuta sai ya yi shela tukuna. Sai ka ji daga banɗaki an ce za a kunna hita, daga kicin na amsa a dakata butata ta tafasa, Auta ta ce ita fa tun ɗazu ta kama layi. Tsari ne mai kyau, kuma da ya yi aiki ba don Kaka ba, wato surukata. Kaka ba ta jin shelar kowa, ita ma ba ta yi. Tana da ɗan rishon lantarki da take ɓoyewa ƙarƙashin gado, tana ɗumama ruwan gashin ƙafa. Duk ranar da Gwaggo ta faɗi, Kaka ce ta farko da za ta leƙo tana tambayar wane marar tausayi ne ya kashe wuta.

Mun zage ta, wannan ba ƙarya. Mun kira ta raguwa, mun kira ta matsoraciya. Maigida har matse ta ya taɓa sa a yi da abin maƙale shanya don kada ta faɗi. Hannunta ya tsaya a sama kamar yadda yake so, ita kuwa ta suma ta ciki, wuta ta ɗauke. Ranar na san muna zaune da mai ra'ayin kanta.

Sai dai akwai wani alheri da ta yi wa gidan nan, wanda ni kaɗai na lura da shi, kuma shi ne dalilin da ya sa nake wannan rubutu ina share ido da gefen mayafi.

Babban ɗana, wanda kowa ke kira Yaya, ya ajiye aikin ofis da mahaifinsa ya sha wahala ya samo masa. Ya koma ɗaki yana aiki da kwamfuta, yana yi wa mutanen da bai taɓa gani ba. Maigida ya ce wannan zaman kashe wando ne da fanka a kai. Yaya ya ce Baba bai gane zamani ba. Aka faɗi maganganu masu zafi, daga nan magana ta mutu tsakaninsu. Gaisuwa ce kawai ta rage, ita ma a tsaye, ido a ƙasa. Ni na zama waya. Maigida ya ce mini in gaya wa ɗana ya rage ƙarar abin nan, Yaya ya ce in ce wa Baba an kawo masa saƙo, alhali su biyun suna falo ɗaya, tebur ne kawai a tsakaninsu.

To, tayar da Gwaggo aikin mutum biyu ne. Sai an hau kujera, kuma kujerar da ta kai tsawo guda ɗaya ce a gidan, ta katako, ƙafarta ɗaya ta fi sauran gajarta. Ni gwiwa ta hana ni, Auta ko ta hau ba ta kaiwa, Kaka kuwa ba a maganarta. Yaya ne mai tsawo, maigida ne mai nauyin da zai danne kujera. Don haka duk sa'ad da Gwaggo ta ce “ƙas,” sai ƙofofi biyu su buɗe, mutum biyu da ba sa magana su haɗu a ƙarshen korido.

“Baba, ka riƙe?”

“Na riƙe. Hau.”

Iyakar hirar ke nan, amma ni ina bakin kicin ina sauraro kamar ana karanta mini albishir. Maigida yakan riƙe kujerar da hannu ɗaya, ɗayan hannun ya kama ƙwaurin yaron, wai don kada kujera ta goce. Wata rana Yaya na saukowa na ji maigida ya ce, “Ka rame.” Yaya ya ce, “Aiki ne, Baba.” Maigida ya buɗe baki zai ce wane aiki, sai ya rufe. Ranar na ƙara nama a miya, ba wanda ya san dalili.

Ciwon ajali ya fara mata a hankali. Da farko ta riƙa suma ba gaira ba dalili, firji kaɗai ma sai ta faɗi. Sannan ta koyi sabuwar magana, wani siririn “zzz” da ake ji idan gida ya yi shiru. Yaya ya ce idan ya taɓa murfin akwatin yana jin ɗumi. Auta ta ce tana jin ƙauri, muka ce gashinta ne. Ranar da abin ya faru, ina guga, injin wanki na juyi, hita na kunne, Kaka kuma ta rantse ba ta jona komai ba. Gwaggo ta ce “ƙas,” a raunane, ba irin ta da ba. Yaya ya hau, ya ɗaga ta, ta koma. Ya sake ɗagawa, ta sake komawa. A na uku hannunta ya yi laƙwas, ya ƙi tsayawa sama, ya ƙi tsayawa ƙasa. Yaya ya juyo daga kan kujera ya ce, “Mama, ta tafi.”

Mai gyaran wuta da muka kira mutum ne mai natsuwa, mai fensir a bayan kunne. Ya kashe babban layi, ya ciro gawar, ya juya ta a tafin hannu, ya nuna mana inda gefenta ya narke. Ya ce kusoshin da ke riƙe wayarta sun saki tun tuni, shi ya kawo zafin. Ya bi gidan ɗaki ɗaki. Ya gano kicin da banɗaki da falo da ɗakunan kwana duk a wuyanta suke, layi ɗaya tal. Ya buɗe soket ɗin bayan firji, cikinsa baƙi ƙirin. A ɗakin Auta ya tarar da soket mai baki shida an jona shi a jikin wani mai baki shida, ya tsaya yana kallonsu kamar mai karanta takardar asibiti. A ɗakin Kaka ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado, ya miƙe, ya gaishe ta da ladabi, ya fita.

Maigida ya ce a sa mana babbar bireka wadda ba ta san faɗuwa ba. Mai gyara ya ce, “Baba, wayar da ke cikin bangon nan siririya ce. In aka sa wadda ba ta faɗuwa, bangon ne zai yi zafi a madadinta. Wannan da kuke zagi, duk faɗuwar da ta yi gobara ta tare muku.” Auta, wadda ta fi kowa zaginta, ta nemi a ba ta gawar ta riƙe.

Marigayiya ta rasu ta bar firji, wanda ya yi kwana guda yana zubar da hawaye a ƙasan kicin. Ta bar dutsen guga da butar lantarki da hita, waɗanda su ne suka fi wahalar da ita, kuma yanzu suke yawo a gida kamar ba su san komai ba. Ta bar injin wanki, da na'urar busar da gashi, da jikoki caja-caja da ba sa ƙirguwa. Ta bar rishon Kaka, wanda iyali ba su amince a hukumance cewa yana raye ba.

An riga an naɗa magada. Mai gyara ya sauya wayoyin da suka tsufa, ya raba gidan: kicin da birekarsa, hita da tata, injin wanki da tasa, ɗakuna da tasu. Ya ƙara soket a bango, ya kwashe masu baki shida ya ɗaure su da igiyarsu. Sababbin farare ne, a jere, kowace da sunan ɗakinta a ƙasa, ba su da ko fara'a. Tun da suka kama aiki ba wadda ta ce uffan. Na yi guga hita na kunne. Na kunna buta da injin wanki lokaci guda, na tsaya a korido ina jira, ba abin da ya faru. Kowa ya yi murna, Auta har rawa ta taka da na'urarta a hannu. Ni ma na yi dariya, amma ta ciki na ciki, domin tun ranar ƙofofin nan biyu ba su sake buɗewa tare ba, kuma na koma aikina na waya.

Ana cikin aikin ne mai gyara ya ce zai sauko da sabon akwatin daidai kafaɗa, kowa ya huta da hawa. Na ce a'a, a bar shi a sama, saboda yara. Ya waiwaya ya dubi Auta, wadda ta gama jami'a, ya dubi Yaya da gemunsa. Na ce yaran da za a haifa. Ya ce to, Mama. Kafin ya tafi ya nuna mini wani ɗan maɓalli a jikin babbar cikinsu, ya ce na gwaji ne: lokaci lokaci a danna, in ta faɗi lafiyarta ƙalau, sai a ɗaga ta. Na tambaye shi ko yawan gwaji na yi mata illa. Ya ce ba ya yi, amma ba a bukata. Na gode masa.

Da yamma na sanar da gida cewa za a riƙa gwajin kowane mako. Maigida ya sa tabarau, ya je ƙarshen korido, ya ɗaga kai ya karanta 'yar takardar da ke manne a murfin, inda aka rubuta ƙarara cewa bayan watanni ake yi. Ya juyo ya dube ni ta saman tabarau, na dube shi. Can anjima na ji ana jan katako a ƙasa, na leƙa, sai na ga ya jawo kujerar ya ajiye ta ƙarƙashin akwatin, yana girgiza ta ya ga ko har yanzu tana rawa. Tana rawa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan karin kumallo, a ƙarshen koridonmu. An shirya marigayiya cikin kwalin takalmi, Auta ta shimfiɗa mata auduga. Za a kwantar da ita a saman doguwar kabad, kusa da inda ta yi rayuwarta. Yaya ne zai hau da ita, mahaifinsa zai riƙe. Daga nan za a matsa da kujera a danna maɓallin gwaji, a yi shiru na ɗan lokaci cikin duhu don girmama ta. Ana roƙon masu ta'aziyya su kame bakinsu a wannan lokacin, akwai kalmomi kaɗan da nake son ji da kunnena.

Ba ma karɓar gudummawar soket mai baki shida. Maƙwabcinmu kafinta, wanda ya daɗe yana yi mini tayin gyara ƙafar kujerar nan kyauta, muna godiya, ya zo hannu rabbana. Duk wanda kuma tausayi ya sa ya taho mana da tsani, a bakin ƙofa zai jingine shi, ya ɗauki abinsa in zai tafi.