Tsuntsun Kan Matsefin Kaka

"Lafiya lau, angon da ba ya cefane," in ji Kaka, tana tsallake wayoyin da suka cika ɗakin jikanta. "Wannan ɗaki ne ko bola?"

"Ofishin injiniya ne. Tsofaffi ma layi suke bi."

Ta harare shi, ta kwance bakin mayafinta, ta fito da matsefin katako siriri wanda ya sha hannu har yana ƙyalli. Marigayi mijinta kafinta ne ya sassaƙa mata shi suna amarci, ya zana ɗan tsuntsu a jiki da ƙusa mai zafi. Yanzu tsuntsun ya dushe, sai an karkata matsefin ake ganinsa. Ta ji labari jikan nan nata, da ta laƙaba wa Mai Tarkace, ya haɗa na'urar lesa mai zane a katako da tsinin haske. Ita dai bakinta ne kawai ke da ƙarfi, amma tsoro take kada ya lalata mata shi.

"Ka dawo min da tsuntsuna. In ka ƙona shi, yau aurenmu ya mutu."

"Kayan abokin takarata za ki kawo min gyara? To, zan nuna miki wanda ya fi iya aiki tsakanina da tsohon."

"Kai ɗin? Da ko ruwan zafi ba ka iya dafawa?"

Ya ɗauki hoton matsefin, ya bi sawun zanen a kwamfuta, sannan ya ƙwama mata wani jan tabarau.

"Kare ido ne. Kai, Kaka! Sak matuƙin jirgi."

"Jirgin da zai kwashe ka ya kai ka wajen aski, da wannan gashi kamar tsintsiya."

Ya nuna mata ɗan allon lantarki da bai wuce akwatin ashana ba. "Wannan ce ƙwaƙwalwar aikin. Ita ke kunna hasken tana kashewa da saurin da ido ba ya gani. In ya daɗe a kunne, zafi ya ƙaru. In ta taƙaita, ya ragu. Ni ke ba ta umarni."

"Ashe a gidan nan akwai mai jin maganarka."

Ya ɗora matsefin a kan na'urar, ya sa ƙarfin hasken a can ƙasa, ya danna. Ɗigon haske ya zagaya kan matsefin ya tsaya. Kaka ta leƙa. Wayam, ko alama!

Ta tafa hannu tana shewa. "Wayyo cikina! Wutar ma raguwa ce kamar mai ita. Ƙara mata mana, matsoraci!"

"A ƙara? An gama."

Sai ya janye matsefin, ya sa wani guntun katako, ya murɗa ƙarfin har ƙarshe. Nan take hayaƙi ya tashi. Ya ɗaga guntun, ya leƙo ta ta cikin hujin da ido ɗaya.

"Haka kike so, amarya?"

Kaka ta gyara zaman tabarau. "Wa ya ce ka yi sauri? Kullum garaje!"

Ya mayar da matsefin, ya rage ƙarfin, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, hasken na maimaita sawu ɗaya. Can sai bakin tsuntsun ya fito, fiffike ya biyo baya. Ƙamshin ɗumin katako da tsohon man kitso ya cika ɗakin. Wallahi irin ƙamshin ranar nan ne, da marigayi ya durƙusa gaban murhu yana hura ƙusa. Kewarsa ta taso mata.

Ta karɓa, ta kai kusa da ido. "Kai! Ƙafarsa ɗaya a karkace take."

"Haka mijinki ya zana. Kwamfuta ta so miƙewa, na hana. Ko in gyara?"

"Taɓa ka gani!" Ta rungume matsefin. "Ni na bangaji hannunsa ranar."

Ta cire tabarau, ta goge ido, ta ce hayaƙin banzarsa ne ya shige mata. Sannan ta fashe da dariya.

"Na yarda, ka iya. Amma bayan tsohona kake."

"Ladan aikina fa?"

Matsefin nan bai taɓa shiga kan kowa ba sai nata, ko 'ya'yan cikinta ba ta ba su aro. Ta kamo kunnensa ta jawo.

"Kawo tsintsiyar nan, ango. In haƙori ɗaya ya karye, saki uku ne."