Tsakuwar da ke Teburin Mudir

Yau da hantsi aka kama ni ina kallon sama. Laifina ke nan, jama'a. Muna gindin dutsen Uhudu da baƙi cike da mota, wata tsohuwa 'yar Chadi, Hajja Fatna, ta duƙa ta ɗebi ƙasa ta ƙulle a bakin mayafi. Ni kuwa Balarabe, jagoran masu ziyara shekara ashirin da biyu, wanda aka ɗauka aiki don ya hana irin wannan, sai na tsaya nazarin gajimare. Mai sa ido na kamfaninmu ya rubuta ni. Gargaɗi na uku ke nan, kuma na uku shi ne sallama.

Da ba haka nake ba. Da ni ne dodon tsofaffi. Tafiyar bara ce ta lalata ni.

Mai Girma Mudir, shugaban kamfaninmu, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ji labarin wata masarautar mabiya Buddha can cikin tsaunukan bayan Indiya, inda baƙo ba ya taka ko'ina sai da jagora. Ya ce lallai a je a koyo. Masu koyon su ne shi, da surukinsa, da mai haɗa masa shayi. Daga baya aka tuna takarda tana bukatar sunan jagora ko ɗaya, aka cusa ni.

Muna sauka iskar tsauni ta kwantar da Mudir, ya yi kwana shida yana binciken rufin ɗakin otal. Ni kaɗai na bi jagoransu, wani siririn mutum mai riga iya gwiwa, zuwa ɗakin ibadarsu da ke manne a jikin dutse kamar gidan rina. Awa uku muna hawa. Ni da nake kora tsofaffi da "yalla, yalla", wato maza-maza, sai ga ni ina haki, ina neman mai cewa in zauna. Jagoran kuwa sai faɗi yake: kada ka ɗauki hoto, kada ka taɓa, bi ta nan. Duk maganata ce, sai dai shi da murmushi yake yin ta.

Daga ƙofa na tsaya, ban shiga ba. Amma da muka juyo, hannuna ya ɗauki tsakuwa. Ba don neman albarka ba. So nake in koma unguwarmu ta Sih in ɗora wa matata Zenabu wani abu a tafin hannu, in ce na je. Jagoran ya gani, ya ce a hankali in kowa ya ɗauki ɗaya dutsen zai ƙare. Kunya ta rufe ni, na mayar. Ta biyun tana cikin safata.

A hanyar saukowa na tuna wani dattijo ɗan Nijar da na taɓa kakkaɓe wa hankici a gaban jama'a. Ya tsaya yana kallon ƙasar tana zuba, shi da ba zai sake zuwa ba. Na ji haushin kaina ƙwarai. Har yau ina gaya wa baƙi ɗibar ƙasa ba ta cikin addini, amma hannuna ya daina kai wa mayafin kowa.

Maƙwabcina Ɗan'inna ya ce, "Wallahi an yi asarar kujerar jirgi. An kai ka ƙarshen duniya ka koyo tsanani, ka dawo mana da tausayi."

Da la'asar Mudir ya kira ni, takardar mai sa ido tana gabansa. Ya yi mini huɗubar doka, sannan ya rage murya. Wai ya ji ina da wata tsakuwa, don na nuna wa rabin Sih. Baƙi na tambayarsa yadda hawan ya kasance, tebur kuma babu shaida. In tsakuwa ta shigo ofis, takarda za ta shiga kwandon shara.

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

A gida na iske tsakuwata kan talabijin, inda Zenabu ta shimfiɗa mata ƙyalle. Na dube ta, na fita ƙofar gida, na zaɓi wata a bakin kwata, na wanke da sabulu, na kai wa Mudir.

Aikina dai yana nan. In kun shiga ofishin Mai Girma ku nemi ya nuna muku ita. Ɗazu na baro shi yana gaya wa wani baƙo cewa har yanzu sanyin ƙanƙara bai bar jikinta ba.