Geron Cindo a Cikin Waya

A Unguwar Tsamiya akwai wani gida mai mutum biyu: Yalwa, wadda mijinta ya rasu, da ƙanenta Cindo, ƙato mai ƙarfin noma. Sai dai duk abin da aka faɗa masa, yadda ya shiga kunnensa haka yake aikatawa. Yalwa ta sha kunya a kansa har ta saba.

Wata rana wani babban kamfanin manhaja ya turo wakili ya raba wa manoma wayoyi. Wakilin ya ce wa Cindo, "Ka hau inda akwai sabis ka sauke manhajar." Cindo ya haye ƙolin tsamiya, ya ɗaura wa wayar igiyar guga, ya zuro ta ƙasa a hankali. "Yaya, ta sauka?" Gari ya yi ta dariya. Yalwa ta kwance igiyarta ta koma rijiya.

Wata rana wayar ta ƙi kamawa. Mai shayi ya duba ya ce, "Ai ta mutu." Cindo ya yi salati, ya naɗe ta a farin ƙyalle, ya binne a bayan gida. Da hannunta Yalwa ta tono ta, ta kai wa mai caji.

Wata rana aka faɗa a rediyo cewa kamfanin ya ci ribar da bai taɓa ci ba, shugabansa yana cewa, "Wannan riba ta manomanmu ce." Cindo ya ɗora wa jaki mangala, sai ofishinsu na birni. Ya dawo leɓe a kumbure, mangala wayam. "Yaya, mai gadi ya ce ba a nan ake rabon ba." Yalwa ta gasa masa bakin da ruwan zafi. Ita ma da ta ji maganar a rediyo, sai da ranta ya ɗan biya.

Wata rana da kaka wakili ya dawo. "Ku daina wahala da rumbu, ku zuba amfaninku a waya." Motoci suka kwashe geron gari, kowa ya ga lambar yawan buhunansa a wayarsa. Cindo kuwa ya ajiye tasu wayar can ƙasa a cikin rumbu, ya zuba gero a kanta har baki, ya liƙe da laka. Ranar Yalwa ta yi kuka, don maƙwabta sai nuna mata lambobinsu suke yi.

Kafin ruwa ya sauka ribar kamfani ta ja baya. Suka ce sashen ƙauyuka ba ya kawo komai, suka rufe manhajar, lambobin suka ɓace, ba gero ba kuɗi. Wakili bai ƙara ɗaga waya ba. Sai ga sallama a ƙofar Yalwa, manyan magidanta, kowa da ƙwarya a ɓoye cikin riga. Ta fasa rumbu tana auna musu gero, ba ta kallon idon kowa.

Cindo ya daɗe yana kallonsu, abin ya ɗaure masa kai. Can ya matso kusa da mai unguwa.

"Baba, me ya hana ku buɗe taku wayar ku ɗiba?"

Dattijon ya sunkuyar da kai, ya miƙa ƙwaryarsa.