Kunnen Dokta Aristides

A duk birnin Salvador na jihar Bahia babu kunne irin na Dokta Aristides Valadão. Shi ya faɗa, mu kuma muka rubuta. Tsofaffin faya-fayan garmaho dubu uku gare shi, kowanne da rigarsa, kuma ba ya taɓa su sai da farar safar hannu. Idan ya ji ganga, yakan faɗi shekarun akuyar da aka ɗinka fatarta. Asibitin da ya ba shi dokta ne kawai ba a gano ba.

Ranar Asabar aka shirya zaɓen shugaban ƙungiyar masu tara faifai, a dandalin da Dona Zuleide ke suyar ƙosai da manja. Shekara tara Dokta yana neman kujerar. Ya zo da makaminsa: faifan 1973, gangunan Bahia haɗe da kakakin kiɗan jaz. Ya cinye ƙosai huɗu, ya ajiye farantin a cinya, ya sa safa, ya ɗora allura.

Ana cikin kiɗa sai wani sauti ya shigo, ƙyas-ƙyas-ƙyas. Dokta ya ɗaga yatsa, ya lumshe ido.

"'Yan uwa, kun ji? Wannan kayan kiɗan sarakunan Angola ne, na tagulla. Ya ɓace daga duniya. Mutum uku suka san sunansa, biyu sun rasu."

Aka yi tafi. Wani ya share hawaye.

Dona Zuleide ta juya ƙosanta, tana rawa da kafaɗa.

"Dokta, ɗan nan, ni ce fa. Ranar da aka naɗi faifan nan, abinci na kai wa makaɗan, mai caki bai zo ba, suka ce Zuleide, taimaka. Na ɗauki faranti da wuƙa na goga musu, yadda muke yi a biki."

"Baiwar Allah, tagulla nake ji. Kunnena ba ya ƙarya."

"To miƙo tagullar, akwai masu jira."

Ta zare farantin daga cinyarsa, tsohon kwanon tasa mai zubabben baki, ta goga wuƙar albasa a gefensa. Ƙyas-ƙyas-ƙyas, daidai da faifan. Dandali ya kaure da rawa, har ma'ajin ƙungiya ya yar da takalmi.

Da aka ƙirga, Dokta ya samu ƙuri'a ɗaya. Akwai tabon manja a jikinta, shatar yatsa mai safa.