Awakin Dannet a Kan Sorona

Shekarar da aka rufe mahaƙar ma'adinin da nake aiki, na rasa abin yi sai lissafi. Kwana uku ina zarya tsakanin gida da kasuwa, takardar kuɗin wuta a aljihu, ina shaida wa duk wanda ya tsaya cewa mutumin Arlit da ke biyan kuɗin kuran, wato wutar lantarki, alhali rana na gasa shi kyauta, asararre ne.

Na kwashi kuɗin sallamata na sayo fano huɗu na sola da batir. Na lissafa waya, na lissafa ladan mai ɗaurawa, har ruwan goge su. Sannan na sa aka cire mana mita.

Matata Hadiza, mai sana'ar ƙanƙara, ta ce, "Malam, ka bar mitar ko wata guda mana."

Na ce, "Shekarata ashirin cikin injuna, Hadiza."

Awaki ne kaɗai ban lissafa ba. Fari ya sa wani aminina daga Dannet ya kawo mini bakwai ajiya. Na ɗora harawarsu kan soro, gefen fano, na mance da tarin bulon da ke jikin bango. Da azahar muka ji ƙas, ƙas! Na leƙa, sai ga bunsuru ya farfasa biyu, tsaye kan fano na uku, yana tauna harawa yana kallona.

Ƙanƙara ta narke. Dole na jawo waya daga gidan maƙwabcina Ɗan Tawa, wanda na fi damu da wa'azin sola.

Har yau, in akuya ta gitta majalisarmu, sai ya taɓo ni: "Injiniya, ga mai yanke wuta ta iso. Ka biya kuwa?"