Rasuwar Shaho, Jirgin Falon Oga Leonard

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma hanci a toshe, iyalan Oga Leonard Bako na Kubwa suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Shaho, ɗan jirgin sama mai kujera ɗaya, wanda ya cika ranar Litinin a tsakiyar falo, inda aka haife shi. Matar gidan, Madam Perpetual, ita ta sa a fitar da sanarwar, don maigidan ya kasa magana, ita kuwa bakinta a cike yake.

Marigayin ya zo daga ƙasar waje gunduwa-gunduwa cikin akwatunan katako, shekarar da Oga Leonard ya yi ritaya daga kanikanci. An ce irinsa inji ne ke ɗaga shi, in ya yi nisa a kashe, iska ta riƙe shi kamar shirwa. Madam ta ji wannan bayani har ta haddace. Abin da idonta ya gani dai shi ne an kwashe kujerunta zuwa baranda, don kada ruwan sama ya taɓa jirgi. Waɗanda suka ƙera jirgin sun ce fukafukan cirewa ake yi ana mayarwa, fil ne ke riƙe su. Oga ya ce shi ba ya ba fil amanar ransa, ya liƙe su da gam. Sai da gam ya bushe ƙam aka tuna da ƙofa. Haba! Mutum ya tsufa yana awon noti, bai auna ƙofar gidansa ba.

Ba a faɗin sharrin mamaci. Shaho bai taɓa faɗuwa da kowa ba. Mai haƙuri ne, an shanya masa zannuwa, kaji sun yi masa kashi, bai ce uffan ba. Ran Lahadi bayan coci kaɗai ake jin muryarsa, "tur-tur-tur-fuuu," ya cika gida da hayaƙi, ya zubo da hotunan bango.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da damina, lokacin da wata gafiya ta kutsa cikin fiffiken hagu ta mutu a can. Tir! An yi turaren wuta, an zuba izal, wari sai ƙaruwa yake, korayen ƙudaje suka tare a gidan. Oga ya rantse shi ba ya jin komai, alhali da tsumma a hancinsa yake rantsuwar.

A wannan hali dangin wani saurayi, Wisdom, suka zo daga Karu neman auren Miriam, 'yar gidan tilo. Aka zaunar da su ƙarƙashin fiffike, don babu wani wurin. Gwaggon ango ta wanke hannu ke nan, sai tsutsa ta faɗo daga sama cikin miyarta, fara, ƙatuwa, tana motsi. Baƙi suka miƙe ba su ci loma ba. Kowa kuwa ya sani, masu neman aure in ba su ci abincin gida ba, magana ba ta ƙullu ba. Suka bar saƙo cewa za su dawo ran Lahadi, in majinyacin gidan ya sami sauƙi.

Miriam ta kulle kanta a ɗaki tana kuka. Madam ta ji kunyar da ba ta taɓa ji ba, ta ji kamar ta cinna wa falon wuta. Ba ta yi faɗa ba. Da safe ta ajiye wa mijinta zarto a gefen kofin kokonsa. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin 'yarsa, sannan ya ɗauka. Shi ya yanka Shaho da hannunsa.

Marigayin ya bar inji, wanda wata mai markaɗe ta ce za ta riƙe, da tayoyi, da hular kwano sabuwa fil, da dattijo ɗaya mai zama shi kaɗai a baranda.

Za a yi jana'iza ran Asabar da hantsi, 'yan baban bola ne za su ɗauki gawa. Masu zuwa ta'aziyya su zo da hankici, kuma kada wanda ya ce Allah ya mayar da gurbi, Madam tana ji. Oga Leonard ya roƙi alfarma ɗaya: kada a tura Shaho a baro, a ɗaga shi a ka har bakin titi, ya ɗaga ido ya gan shi a sama ko sau ɗaya. Madam ta yarda. Ita za ta riƙe wutsiya.