Ƙafar Kujerata da Wayarka

Zuwa ga Mai Girma Rumbun Fayil, baƙin akwatin ɗakin sanyi, wanda duk kwamfutocin ofishinmu ke ɗiba daga cikinsa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta wanda aka gaje shi da ransa. Ni ne tsohon da ya shekara talatin da ɗaya yana tsaron kabad ɗin takardu kafin zuwanka. Ban taɓa shiga aji ba, da launin igiya nake gane fayil. 'Yata ke rubuta wannan, tana dariya, Allah ya shirye ta.

Na ɗaya. An ba ka ɗaki da na'urar sanyi. Ni fankar da aka yi mini alkawari tun manajan farko har yau tana hanya.

Na biyu. Wata biyu ke nan kana buɗe fayil da safe, ka hana da hantsi, ka sake buɗewa da azahar. Da ni na yi haka, da yanzu ina gida. Kai kuwa injiniya aka kira maka. Ya kashe ka ya kunna, ya sauya wa kowa kalmar sirri, ya zargi kwamfutar sakatariya har sakatariyar ta yi kuka, ya fara rubuta lokutan ciwonka a takarda.

Na uku, kuma a nan zan rage murya. Wayarka ta ƙarƙashin kujerata ta bi. In na jingina, ƙafar baya ta danne ta, sai ka suma. In na tashi salla, ka farfaɗo. Na riga injiniya ganewa da sati uku, ni da ban san bihim ba. Me ya hana ni faɗa? Duk suman da ka yi, sai in ji ana "Baba, taimaka mana da kwafin takarda!" Shekara biyu rabon da a kira ni Baba ba don in matsa a wuce ba. To, na jingina. Ranar taron manaja ma sau uku na jingina.

Jiya injiniya ya dubi takardarsa, ya dubi kujerata, ya ce, "Baba, ɗan tashi." Litinin za a ɗaga wayar a manna ta a bango.

Roƙona ɗaya, ranka ya daɗe. Ko sau ɗaya a wata, ka suma don kanka. Kabad ɗina a share yake.

Naka mai biyayya, a zaune tsaf ba jingina,

Tsohon mai kabad